Bayani Filla-filla a Kan Keke, Tanti da Mangala

Ka sani, ya ɗan'uwa mai neman fahimta, cewa jama'a sun daɗe suna kuskure wajen siffanta mutumin da ya ɗora kaya a keke ya bar garinsu da niyyar yin watanni a hanya, yana kwana inda dare ya riske shi. Wasu na ce masa matafiyi, wasu na ce masa ɗan yawon buɗe ido, danginsa kuwa suna da sunan da suke kiransa da shi a bayan idonsa, wanda bai dace da takardar ilimi ba. Dukkansu zahiri suka duba. Abin da nazari mai zurfi ya kai mu gare shi shi ne, sana'ar wannan bawan Allah ita ce ɗaure kaya da safe da kwance su da yamma. Tuƙin da ke tsakanin biyun larura ce kawai, domin a samu sabon wurin da za a kwance kayan. In ba haka ba sai ya kwance a inda ya ɗaure, wannan kuwa hankali ba ya karɓarsa.

Fasali a kan ta'arifi da waɗanda ya fitar

Mai dogon zango a keke shi ne wanda ya tara sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ƙafarsa ce injinsa. Na biyu, ɗakin kwanansa da madafarsa da shagon gyaransa duk suna tafe tare da shi a kan taya biyu. Na uku, yakan wayi gari bai san takamaiman inda zai kwana ba.

Sharaɗi na ɗaya ya fitar da mai babur, babu saɓani a nan. Na biyu ya fitar da mutane masu daraja, irin su Mark Beaumont ɗan Scotland, wanda a 2017 ya tashi daga Paris ya kewaye duniya ya dawo cikin kwana 78 da awa 14 da minti 40, yana cin kusan kilomita 385 kullum. Muna girmama cinyoyinsa, amma motoci ne suka ɗaukar masa kaya, wasu suka dafa masa. Wanda kuwa bai taɓa neman cokali a jaka huɗu da magariba ba, ba a ba shi tabarma a wannan majalisa. Na uku ya fitar da dubban da ke bin gaɓar kogin Danube daga Passau zuwa Vienna, alhali sun kama ɗakin otal tun daga gida. Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta ayarin Tour d'Afrique, wanda aka fara a 2003 daga Alƙahira zuwa Cape Town, tafiyar wata huɗu: babbar mota ke ɗaukar musu kaya, amma kowa da hannunsa yake kafa tantinsa ya naɗe. Abin da muka zaɓa shi ne a ba su rabin hukunci.

Fasali a kan mazhabobi biyu

Ma'abota wannan fanni sun kasu gida biyu a kan yawan kaya, kuma saɓanin ya girmi duk wanda ke raye yau.

Mazhaba ta farko ta masu taƙaitawa ce. Limaminta Thomas Stevens, wanda ya bar San Francisco ranar 22 ga Afrilu 1884 a kan irin keken nan na da mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, ya isa Boston ranar 4 ga Agusta, ya ci gaba har ya ƙare a Yokohama ta Japan a Disambar 1886. Guzurin da ya fita da shi safa ne, da rigar canji, da ƙaramar bindiga, da rigar ruwa wadda ita ce tantinsa ita ce kuma shimfiɗarsa. A wannan sahu muke sa Mamadou Safayou Barry, ɗalibin nan ɗan Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi jami'ar Azhar, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, da kayan canji da tocila da sukudireba. Mabiyan mazhabar a wannan zamani sun kai ga yanke mariƙin buroshin goge baki don rage 'yan giram, sa'an nan su tsaya a bakin hanya su sayi kankana mai kilo 4 su ɗaure a kariya, ba su ganin wani tufka da warwara a ciki.

Ta biyu ta masu cikawa ce. Asalinta Thomas Hiram Holding, tela a Landan, wanda a 1897 ya ɗinka ƙaramin tanti da za a iya ɗaurawa a keke, ya je ya gwada shi a Ireland, a 1901 kuma ya kafa ƙungiyar masu kwanan tanti a keke. Daga ranar da tela ya shigo maganar, kaya ba su sake raguwa ba. Wanda ya kai mazhabar ƙololuwa shi ne Heinz Stücke, Bajamushen da ya bar garinsu Hövelhof a 1962 ya yi fiye da shekara 50 a hanya, a kan keke mai giya 3 wanda shi kaɗai ya kai kilo 25 kafin a ɗora masa ko allura. Aikin jumhur a yau ya fi kusa da wannan: jaka biyu a gefen tayar baya, ƙanana biyu a gefen ta gaba, 'yar jaka a kan hannun keke, tanti da shimfiɗa a gicciye a kan kariya an ja su da roba. An so mai nauyi ya zauna a ƙasa, hagu da dama su yi daidai, domin keken da ya karkata yakan kai mai shi inda bai yi niyya ba.

Wanda ya san fatauci zai gane mangala nan take, sai dai akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai yanke shawara, da jaki mai ɗauka, da yara masu ɗaurawa da saukewa. Mai keke shi ne madugun, shi ne yaron, shi ne kuma jakin. Kuma idan aka sauka zango jakin fatake kiwo yake tafiya, wannan kuwa sai ya hura wuta ya dafa wa kansa.

Idan aka ce: ai mazhabar farko ta kuɓuta daga hukuncinku, tunda mai kaya kaɗan ba ya daɗewa wajen ɗauri. Sai mu ce: mai kaya da yawa lokacinsa na tafiya wajen nema, mai kaya kaɗan nasa na tafiya wajen cusawa, domin jakarsa ba ta rufuwa sai an jera kayan a tsari guda ɗaya tak, wanda ya manta tun jiya. Jimillar ɗaya ce.

Mas'alar jaka huɗu

Ilimin lissafi ya nuna cewa mai neman abu a jaka huɗu ya kamata ya dace da shi a buɗewar farko sau ɗaya cikin huɗu. Abin da ake gani a aikace shi ne ana samunsa a ta huɗu, can ƙasa, ƙarƙashin tukunya. An fassara wannan ta fuska uku.

1. Cewa mantuwa ce. Magana ce mai rauni, domin mantuwa ba ta da niyya, abin da ake gani kuwa yana da alamar niyya.

2. Cewa girgiza ce. Sananne ne idan aka girgiza manya da ƙananan abubuwa a mazubi ɗaya, ƙananan sukan zurare ƙasa, manyan su taso. Kilomita 80 na hanyar tsakuwa sun isa su nutsar da ashana da cokali da sifana, su ɗago takalmin canji sama. Wannan ya warware dalilin zurfi, bai warware dalilin jaka ta huɗu ba.

3. Cewa kowane abu a wurin ƙarshe ake samunsa, tunda wanda ya samu ya daina nema. Masu manɗiƙi na son wannan amsa ƙwarai, galibinsu kuwa a gida suke kwana. Tambayarmu gare su ita ce, me ya hana wurin ƙarshen ya zama jakar farko, ko da sau ɗaya a wata?

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne na biyu, tare da ƙarin cewa abu yana nutsewa gwargwadon gaggawar mai nemansa. Hujja ita ce rigar ruwa. Takan yi makonni a bakin jaka tana tare hanyar komai, har mai ita ya gaji ya tura ta ƙasa. A ranar hadari yake haɗuwa.

Fasali a kan safiya

Kowane mai dogon zango yana kwana da niyyar tashi ƙarfe 6. Abin da ke shiga tsakaninsa da niyyar shi ne jiƙewar tanti, wadda ta kasu biyu. Ta waje raɓa ce, wadda ke sauka idan sama ta yi garau iska ta kwanta, yadin ya huce fiye da iskar da ke kewaye da shi. Ta ciki kuwa numfashin mai barcin ne da kansa, ya taso ya tarar da yadi mai sanyi ya koma ruwa. Saboda haka tanti na jiƙewa ko a daren da ba a ga gajimare ba, kuma babu wanda za a kai ƙara.

Daga nan ko dai ya jira rana ta busar, ya yi asarar sanyin safiya, lokacin da iska ba ta tashi ba. Ko ya naɗe a jiƙe, ya yini yana tuƙa ruwa, da yamma ya buɗe ya shaƙi warin fumfuna. Wasu bayin Allah sun ƙirƙiro hanya ta uku, wato a naɗe a jiƙe, da azahar a tsaya a shanya a bakin titi. Muna yi musu godiya, domin sun ƙara kwancewa ɗaya da ɗauri ɗaya a yini, wanda hujja ce a gare mu.

Fa'ida: tanti sau ɗaya yake shiga jakarsa cif, wato a masana'anta, a hannun wanda ba zai taɓa kwana cikinsa ba. Turakunsa kuma suna raguwa ɗaya-ɗaya a cikin ciyawa, ba a taɓa ruwaito sun ƙaru ba. Waya kuwa ba a tuna inda take sai an ja roba ta ƙarshe; tana aljihun tanti, tantin yana naɗe, kuma shi ne ƙarƙashin komai. Da wannan ake tashi ƙarfe 8 da rabi.

Fasali a kan iska, shi ne mafi girman babin

Ijma'in mahaya ne, na gabas da na yamma, cewa iska kullum daga gaba take. Masu zaman gida sun musanta, suka ce iska ba ta san kowa ba, rabin lokaci ta tare ka, rabi ta tura ka. Maganar na da daɗin ji, amma hujjoji huɗu sun rushe ta.

Ta ɗaya, mai keke da kansa yake ƙera iskarsa. Wanda ke gudun kilomita 15 a awa a ranar da ko ganye ba ya motsi, fuskarsa na karɓar iskar kilomita 15. Idan wata ta taso daga gefe ta haɗu da wadda ya ƙera, jimillarsu karkatowa take ta zo masa ta gaba-gaba. Ke nan daga cikin kusurwoyi huɗu, uku abokan gaba ne.

Ta biyu, turjiyar iska ba ta ƙaruwa bisa adalci. Idan gudun iskar da ke dukan jikinka ya ninka biyu, turjiyar huɗu take ninkawa. Mai tafiyar 15 da ya gamu da iskar 15 daga gaba yana tura ninki huɗu na abin da ya saba, ga kuma jakunkunan nan sun baje a gefe sun ƙara masa faɗi.

Ta uku, lissafin lokaci. A ɗauka ka je kilomita 60 iska na gabanka kana yin 10 a awa, ka dawo tana bayanka kana yin 30. Zuwa awa 6, dawowa awa 2. Nisa ya rabu daidai, amma kashi uku cikin huɗu na yinin cikin fama ka yi shi, ɗan Adam kuwa da awa yake shan wahala, ba da kilomita ba. Wannan ƙiyasi yana gudana a kan tudu harafi da harafi: hawan da ya ci awa 2 ana gangara shi a minti 15. Shi ya sa a ma'aunin mai keke mafi yawan duniya hawa ce.

Ta huɗu, ita ce mafi ɓoyuwa: iskar baya ba ta da mai shaida. Idan tana tura ka da 20 kana tafiya 20, ba ka jin komai a fuska. Masu gangarowa daga Masar su nufi kudu a watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke bin Kogin Nilu, sukan ci doguwar hanya a yini guda, su sauka suna duban cinyoyinsu da sha'awa, suna cewa jiki ya fara sabawa. Iska ba ta shiga ruwayar. Amma a tambayi wanda ya fuskanci iskar yamma a Patagoniya, can kudancin Ajantina, inda mutum kan sauka ya tura keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko wanda ya nufi Agadez daga Tahoua a tsakiyar hunturu: zai ba ka labarinta da rana da sa'a.

Idan aka ce: me zai hana ya juya ya bi iska? Sai mu ce: an gwada. Iskar kwari da ta bakin teku suna sauya fuska tsakanin rana da dare, wannan sananne ne ga masana yanayi; abin da mahaya suka ƙara shi ne, sauran ma suna sauyawa da zarar an juya.

Fasali a kan darajojin masu ba da labarin hanya

Mai keke yakan tsaya ya yi tambaya, kuma wajibi ne ya san matsayin wanda yake tambaya. Mafi raunin ruwaya shi ne direban mota. Ba a tuhumarsa da ƙarya, adali ne a sauran al'amuransa. Illarsa ita ce tudu a wurinsa ɗan taɓa totur ne da yatsan ƙafa. Idan ya ce, "Haba Malam, ai hanya a shimfiɗe take har can," a fahimci cewa bai sauya giya ba. Idan ya ce, "Akwai ɗan hawa kaɗan," a sayi burodi biyu. Nisa kuma da minti yake auna shi, kuma "minti ashirin" ɗinsa kilomita 30 ne, wato awa 2 ga mai kaya, in iska ta yarda.

Sama da shi akwai tsohuwar bakin kasuwa, wadda "Nan kusa ne, ɗana" ɗinta addu'a ce, a karɓa a ce amin, kada a gina lissafin ruwa a kai. Sama da ita makiyayi, wanda ya san inda rijiya take da inda kare yake. Mafi inganci shi ne mai keke ɗan'uwanka da ya fito daga inda ka nufa, sai dai shi ma a yi hattara da shi, domin abin da ya gangaro shi za ka hau, kuma da murmushi yake ba da labarinsa.

Su ma suna da tambayoyinsu, guda biyar, a jere ɗaya a kowace nahiya: daga ina, zuwa ina, nawa ka sayi keken, wa ke biyanka, ba ka da kuɗin mota ne? Huɗun farko suna da amsa. Ladabin ta biyar shi ne a yi murmushi a karɓi ruwan da aka miƙo.

Fasali a kan ci da sha

Paul de Vivie, Bafaranshen Saint-Étienne da aka fi sani da Vélocio, wanda ya rasu a 1930, ya bar wa mahaya ƙa'idoji bakwai, daga cikinsu a ci kafin yunwa, a sha kafin ƙishi, kada a daɗe a wurin hutu. An riƙe biyun farko gam, an yi sakaci da ta ukun. Daga nan karin kumallo ya kasu uku: na bakin tanti, na garin farko, da wanda ba a faɗa wa kowa. Wanda ya saɓa wa ƙa'idar, sukarin da jiki ya ajiye a hanta da tsoka zai ƙare masa farat ɗaya, ƙafa ta ƙi feda, a same shi zaune a kan kwalbati yana cin sukari da cokali, yana kallon komai da ƙiyayya. Maganinsa dabino da ayaba da gyaɗa, da kuma a bar shi minti 20 kafin a yi masa magana.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, babu ragi ko ga wa. Shi ya sa mahaya ke yi wa mutanen arewacin Sudan addu'a, Allah ya kawo musu zaman lafiya, saboda randunan da suka saba jerawa a inuwa a bakin hanya domin mai wucewa. A kan duwatsu kuwa mushkilar ta dahuwa ce. A hanyar Pamir ta Tajikistan, wadda ta kai mita 4,655 a mashigar Ak-Baital, ruwa na tafasa bai kai digiri 90 ba, shinkafa ta yi ta rawa a tukunya ba ta nuna, mai risho na ƙarewa. Fatawa a nan siririyar taliya ce.

Fasali a kan faci

Kekunan zamanin Stevens tayarsu tsantsar roba ce, ba su san faci ba. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar taya mai iska wadda ya fara gwadawa a keken ɗansa, ya kawo wa mahaya laushi da faci a rana ɗaya, ba a kuma iya raba su ba har yau. Sabubban faci ƙusa, da kwalba, da siririyar wayar da ke fita daga fasasshiyar tayar tirela, da tsidau. Galibi tayar baya yake zaɓa, domin nauyi a can yake, kuma ta gaba takan taka ƙusar da ke kwance ta tayar da ita tsaye ta miƙa wa 'yar'uwarta. Tayar baya kuwa ba ta fita sai an sauke kaya. Mai hankali ya fahimci inda maganar ta koma.

Rukunan gyaran faci biyar: a nemo hujin da ruwa ko da leɓe, a kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya bushe kafin a manna, a kuma bi cikin taya da yatsa a zaƙulo ƙayar. A na huɗu mafi yawa ke faɗuwa saboda ƙarancin haƙuri. Wanda ya bar na biyar zai maimaita huɗun farko kafin ya yi nisa, bayan ya gama ɗaure kaya. Sifok kuma idan zai karye, na baya yake zaɓa, ta ɓangaren sarƙa, inda ba a kai masa sai da makullin nan da aka bari a gida bisa koyarwar mazhabar farko.

Kare

Gudu abin ƙi ne, domin keke mai kaya ba ya tsere wa kare. A sauka, a sa keken a tsakani, a yi magana da kaurin murya. Ga manyan karnukan makiyayan Turkiyya, a ƙara da addu'a.

Fasali a kan zango

Wuraren kwana masu kyau, wato masu ciyawa da inuwa da ruwa kusa, suna bayyana a lokuta biyu: ƙarfe 2 na rana, sa'ad da tsayawa abin kunya ne, da kuma washegari da safe, mita 500 gaba da ramin da aka kwana a ciki. Tsakanin la'asar da magariba ƙasa takan koma gonaki da shinge.

Zango iri uku ne. Akwai wanda doka ta halatta: a Norway, bisa dokar 1957, mutum na iya kafa tanti har kwana 2 a ƙasar da ba a noma ba, muddin ya ba gidan mutane tazarar mita 150; Sweden na da irin wannan haƙƙi, Scotland kuma ta rubuta nata a 2003. A mafi yawan Ingila kuwa sai da yardar mai fili. Akwai wanda roƙo ya halatta: 'yan kwana-kwana a Kudancin Amurka, da gidajen mai a Turkiyya, da tashoshin agaji na Red Crescent a hanyoyin Iran, sun shahara a bakin mahaya da karɓar baƙo. A ƙauyukan Afirka ƙofar ita ce mai gari: a sauka daga keke, a cire hular kwano, a ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, dare ya yi mini." Ba kasafai ake hanawa ba, kuɗin wurin shi ne a kafa tanti a gaban dukkan yaran unguwa, waɗanda ba kuskuren da ke wuce su. Na uku shi ne zangon ɓuya, sharuɗɗansa a shiga bayan idon mutane, kada a kunna tocila, a fita kafin rana. Mai shi yakan kwana da yaƙinin ba wanda ya gan shi, har makiyayi ya iso da asuba ya tambaye shi ya kwanan baƙunta.

Tanbihi: busasshen rafi, duk da laushin yashinsa, an hana kwana a cikinsa, domin ruwan da aka yi can nesa a kan tudu yana iya isowa da tsakar dare alhali taurari na sama.

Mas'alar tsakuwa

Kafin a kafa tanti ana share wuri da ƙafa, sa'an nan da hannu, har zuciya ta natsu. Tsakuwar da ta rage guda ɗaya ce, mazauninta kuma ƙarƙashin ƙashin kwankwaso. An yi saɓani: tana nan ne tun farko, ko daga baya take tasowa? Masu ra'ayin farko sun ce ido a tsaye ba ya ganin abin da haƙarƙari ke gani a kwance, suka kafa hujja da gangara, domin ƙasar da ido ya shaida shimfiɗaɗɗiya ce, da tsakar dare akan tarar mutum da shimfiɗa da takalmi duk sun taru a kusurwa ɗaya. Masu ra'ayi na biyu suka ce: to don me idan aka matsa gefe sai a tarar da ita a can? Mu mun karkata ga na farko a ilmance, ga na biyu a aikace. Abin da aka haɗu a kai shi ne kai ya kasance ta tudu, ƙafa ta gangare.

Mas'alolin dare

Yadin tanti yana hana gani, ba ya hana ji, saboda haka kowane sauti yana shigowa da ƙarin girma. Bushiyar da ke yawo a busassun ganye takan iso kunne a matsayin kura. Keke kuwa a ɗaure shi ko a ina ne. Stücke da kansa, bayan shekaru 40 da 'yan kai yana ratsa ƙasashen duniya, a Portsmouth ta Ingila aka sace masa nasa a 2006, ko da yake an gano shi ba da jimawa ba.

Saura mas'alar bawali. Wanda ya bi Vélocio ya sha kafin ƙishi zai farka ƙarfe 3 na dare. Tsakaninsa da waje zif uku ne, na jakar barci, na ragar sauro, da na rufin waje, sai takalmi wanda ba a sa shi sai an zazzage saboda kunama. Ra'ayi biyu ne: a fita nan take, ko a yi haƙuri zuwa asuba. Fita tana cin minti 4. Haƙuri yana cin awa ɗaya ido biyu ana juye-juye a kan tsakuwar da aka ambata, sa'an nan a fita. Fatawa a kan na farko take, aikin jumhur a kan na biyu. Amma masu ajiye gora a cikin tanti domin wannan larura, ba a hana su ba, da sharaɗin gorar ta saɓa wa ta ruwan sha a launi, da siffa, da jakar da ake sa ta, kuma ya zama ana iya bambance su da hannu kaɗai a cikin duhu.